Maganin Borin Jini da Ya Koma Maganin Ƙiba: Amfanin Saifuroheftadin da Haɗarinsa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi bayani a kan wani magani da ya yaɗu a hannun jama'armu, wanda yawancin masu shansa ba su san ainihin sunansa ba, balle su san abin da aka yi shi dominsa. Sunan maganin saifuroheftadin, a jikin kwali kuwa ana rubuta shi da haruffan Turanci cyproheptadine. Akan same shi da sunayen kasuwa iri-iri, kamar su Periactin da Super Apeti da Apetamin, wani ƙwaya, wani na ruwa mai zaƙi. A bakin masu saye da masu sayarwa sunansa maganin cin abinci ko maganin ƙiba, wani lokaci kuma akan haɗa shi da waɗansu ƙwayoyi a kira su duka da sunan “sha ka fashe”. Alhali kuwa waɗanda suka ƙirƙiro shi ba ƙiba suka nufa ba. Sun yi shi ne don maganin borin jini da ƙaiƙayi da atishawa.

Na zaɓi in kawo wannan batu gaban taro ne saboda ya shafi malaman makaranta ƙwarai. Ɗaliban da muke horarwa a kwalejojin ilmi su ne za su tsaya gaban yara a makarantun firamare, su ne kuma iyaye a ƙauye za su riƙa tambaya in yaro ya rame. Har ila yau, daga cikin ɗaliban nan namu, musamman 'yan mata, akwai masu shan maganin su da kansu.

2.0 Asalin Maganin da Yadda Yake Aiki

A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari da ake kira histamin, wanda ke ajiye cikin waɗansu ƙwayoyin halitta a fata da hanci da huhu da hanji. Idan wani abu da jiki bai amince da shi ba ya shiga, alal misali ƙurar hunturu ko garin furen tsiro ko dafin kwaro ko wani abinci, sai waɗannan ƙwayoyin halitta su saki histamin. Shi kuwa sai ya buɗe ƙananan hanyoyin jini, ruwa ya tsattsafo cikin nama, wurin ya kumbura ya yi ja, jijiyoyi su ɗauki ƙaiƙayi. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke gani a fata ya kira borin jini, in a hanci ne kuma ya zama atishawa da yoyon majina ba tare da zazzaɓi ba. Masana biyu na Ingila, Dale da Laidlaw, su ne suka bayyana aikin histamin a 1910. A 1937 kuma Bovet da Staub, a Cibiyar Pasteur da ke Faris, suka nuna cewa ana iya samun sinadarin da zai tare shi. Daga nan aka sami jerin magungunan da ake kira masu tare histamin, waɗanda a cikinsu jama'armu sun fi sanin Piriton da Phenergan.

Saifuroheftadin ɗan wannan gida ne. Kamfanin Merck na Amurka ne ya fito da shi, aka yi masa rajistar mallaka a 1959, aka fara ba marasa lafiya a 1961. Yana cikin rukunin farko na waɗannan magunguna, watau waɗanda ke ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Wannan ƙetarewa ita ce tushen kusan duk abin da za a faɗa a wannan takarda. A cikin ƙwaƙwalwa, histamin ba ƙaiƙayi yake sawa ba, aikinsa shi ne ya riƙe mutum a farke, hankalinsa a tashe. To, in magani ya shiga ya tare shi, sai barci ya zo. Dalili ke nan da ya sa duk wanda ya taɓa shan Piriton ya san nauyin idon da ke biyo baya. Magungunan rukuni na biyu, irin su loratadin da setirizin, waɗanda suka fito a shekarun 1980, ba su shiga ƙwaƙwalwa sosai, don haka barcinsu kaɗan ne, kuma su likitoci suka fi zaɓa yanzu don borin jini.

Abin da ya bambanta saifuroheftadin da 'yan'uwansa shi ne, ba histamin kaɗai yake tarewa ba. Yana tare wani sinadari mai suna sirotonin da ƙarfi, yana kuma taɓa na uku mai suna asetilkolin. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da ake kira haifotalamas, wanda ke kula da yunwa da ƙishirwa da zafin jiki. Sirotonin da histamin suna cikin manzannin da ke kai wa wannan yanki labarin cewa ciki ya cika, a janye hannu daga kwano. Idan aka tare manzannin nan biyu, labarin ƙoshi ba ya isa da wuri, sai mutum ya ci gaba da ci, bayan ɗan lokaci kuma ya sake neman wani. A nan ya kamata a lura da kyau, domin a nan ne jama'a suka fi kuskuren fahimta: maganin ba ya ɗauke da wani abin gina jiki. Ba ya ƙara jini, ba ya gina tsoka. Ƙararrawar ƙoshi kawai yake toshewa. Duk naman da mai shansa ya yi, daga abincin da ya ci ya fito.

3.0 Inda Likitoci Ke Amfani da Shi

Aikinsa na asali, kamar yadda aka ambata, shi ne borin jini da ƙaiƙayin fata da atishawar da ƙura ke tayarwa. An san shi da kyau wajen irin borin jinin da sanyi ke tayarwa, wanda mutum in iska mai sanyi ko ruwan sanyi ya taɓa shi sai jikinsa ya yi rudu-rudu. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da shi ne don irin waɗannan larurori kawai, ba ta sa buɗe ciki a cikinsu ba. Likitocin yara sukan ba da shi don rage yawan tasowar ciwon ɓarin kai, da kuma wata larura da ke sa yaro ya riƙa amai lokaci-lokaci ba tare da wani dalili na fili ba. A asibiti kuma akan yi amfani da shi a matsayin makari idan sirotonin ya yi wa mutum yawa a jiki, abin da kan faru ga masu haɗa magungunan ciwon damuwa da ƙwayoyi irin su taramol. Hatta likitocin dabbobi suna ba kyanwar da ta ƙi cin abinci.

Batun cin abinci kuwa tsintuwa ce aka yi. A 1962 Lavenstein da abokan aikinsa a Amurka suka buga rahoton abin da suka gani ga yara masu ciwon asma da aka ba maganin: yaran sun ƙara cin abinci, nauyinsu ya ƙaru. Abin da ya fara a matsayin illar gefe sai ya zama abin talla, musamman a ƙasashe matalauta inda ramammun yara suka yi yawa. Ba za a ce maganar ƙarya ce ba. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya tattara bincike 46 da aka yi a kan marasa lafiya iri-iri, ya tarar cewa a cikin 39 an sami ƙarin nauyi na a zo a gani. Amma nazarin ya nuna cewa ga masu cututtukan da ke cin jiki a hankali, kamar ciwon daji da ƙanjamau, amfaninsa kaɗan ne ko ma babu. Watau inda aka fi bukatar sa, a nan ya fi gazawa. Inda ya yi amfani kuwa, galibi marasa lafiya ne da likita ya gano ciwonsu, akwai abinci a gabansu, ana auna nauyinsu, kuma an sa ranar da za a daina.

Ƙa'idar shansa ta dogara da shekaru da nauyi. Babba yakan fara da ƙwaya ɗaya mai miligiram 4 sau uku a rana, kuma ba a wuce miligiram 32 a yini ko da wane dalili. Yaro ɗan shekara 7 zuwa 14 miligiram 4 ne sau biyu ko uku, kada ya wuce 16. Ɗan shekara 2 zuwa 6 rabin ƙwaya ne, watau miligiram 2, sau biyu ko uku, kada ya wuce 12. Wanda bai kai shekara 2 ba, ba a ba shi. Na ruwan yakan ƙunshi miligiram 2 a kowane mililita 5. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don a ga ƙanƙantar tazarar da ke tsakanin magani da guba ga ƙaramin yaro, ba don wani ya mai da kansa likita ba. Uwar da ke auna magani da cokalin miya, ko ta ɗora wa yaro kwalba a baki, tana iya ninka ƙa'ida sau uku ba ta sani ba.

4.0 Yadda Ya Koma Maganin Ƙiba

A al'adarmu, da ta maƙwabtanmu da yawa, cikar jiki alama ce ta jin daɗi. Idan amarya ta zo ganin gida aka ga ta murje, sai a ce mijinta yana riƙe ta da kyau. In ta rame, sai a fara ƙus-ƙus, a zargi miji ko kishiya ko uwar miji. Tun da ƙanjamau ya bayyana a shekarun 1980, rama ta ƙara samun wani mummunan suna da ba ta da shi a da. Wannan ra'ayi ba namu kaɗai ba ne. Larabawan Azawak a Jamhuriyar Nijar da mutanen Muritaniya sun daɗe suna ɗura wa 'yan mata madara da fura don su yi jiki kafin aure, Efik na Kalaba kuma suna da ɗakin kiwon amarya. Bambancin shi ne, a da ana yin abin da hatsi da nono cikin watanni, yanzu kuwa ana neman sa cikin makonni biyu daga kwalba.

Ba a Afirka ta Yamma abin ya tsaya ba. A wani bincike da aka yi a Kinshasa, aka buga a 2016, an tambayi mutum kusan 500, sai aka tarar fiye da kashi 70 cikin 100 sun yi amfani da wannan magani, mata sun fi yawa, kuma yawancinsu ba likita ya rubuta musu ba. Daga baya kafofin sadarwa na intanet suka ɗauki tallan Apetamin, wanda ake yi a Indiya, ya ƙunshi saifuroheftadin da laisin da 'yan bitamin, suka kai shi har Ingila da Amurka inda ba a ba shi lasisi ba. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta fito fili ta gargaɗi jama'a da su guje shi. Masu tallan sukan ce wai maganin yana kai ƙibar mazaunai da ƙirji ya bar ciki. Wannan magana ba ta da tushe. Gado da jinsi da shekaru su ke raba kitse a jiki, babu ƙwayar da ke da ikon ce masa ga inda zai sauka.

Akwai wani abin da ya fi wannan muni, wanda a ganina shi ne babban haɗarin “sha ka fashe”. Sau da yawa ba saifuroheftadin kaɗai ake ƙulla wa mai saye ba, akan haɗa masa da dekzametazon ko wani ɗan'uwansa daga magungunan sitiroyid. Waɗannan magunguna ne masu ƙarfi da ake ba masu asma mai tsanani da makamantansu. In aka daɗe ana sha, fuska takan yi faɗi kamar faifai, wuya da ciki su tara kitse, hannuwa da ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa, jini ya hau, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Mai kallo daga nesa sai ya ce ƙiba ce, alhali kumburi ne da ciwo. Daɗin daɗawa, wanda ya daɗe yana shan sitiroyid ba ya dainawa rana ɗaya, domin jikinsa ya daina yin nasa na halitta. In ya yanke farat ɗaya yana iya faɗuwa, har a rasa shi. Saboda haka idan malami ya gano ɗalibarsa tana shan ƙwayoyin ƙiba da ba a san sunansu ba, kada ya ce ta watsar da su yau. Abin yi shi ne ta ɗauki ƙwayoyin ta kai wa likita, shi ne zai san yadda za a rage su sannu a hankali.

5.0 Illolinsa

Illar da ta fi kowace yawa ita ce barci da kasala da jiri. Ga mutane da yawa nauyin yakan ragu bayan kwana uku ko huɗu, amma raguwar jin barci ba ta nufin hankali ya koma daidai; saurin lura da saurin mai da martani sukan kasance a ƙasa ko da mutum yana ganin garau yake. Direban mota da ɗan acaba da mai injin niƙa da mai ɗinki da keken lantarki, duk suna cikin haɗari. Idan aka haɗa shi da barasa, ko Valium, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018, sai nauyin ya ninku, numfashi ma yana iya raunana.

A aji, wannan illa tana da fuska ta musamman. Yaron da aka ba cokali biyu da safe kafin ya taho makaranta zai yi ta gyangyaɗi a darasin farko da na biyu, abin da aka koya kuma ba zai zauna masa ba. Malamin da bai sani ba sai ya ɗauke shi malalaci ko daƙiƙi, ya sa masa bulala. Ƙananan yara kuma wani lokaci akasin haka suke yi: maimakon barci sai rigima da rashin natsuwa da firgita. Kafin a yanke wa yaro hukunci a kan sauyin halin da ya zo masa kwatsam, ya kamata a tambayi gida ko akwai wani magani da ake ba shi.

Taɓa asetilkolin da maganin ke yi shi ke kawo bushewar baki da maƙogwaro, da taurin bayan gida, da gani dishi-dishi, da bugun zuciya da sauri, da wahalar fitsari. Yana kuma rage gumi. Wannan na ƙarshe ba a cika ambatonsa ba, amma a ƙasa irin tamu ba ƙaramin abu ba ne. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, gumi kuwa shi ne hanyar da jiki ke sanyaya kansa. Wanda ya toshe wannan hanya sa'an nan ya shiga rana, ya kusanta kansa da bugun zafi.

Daga waɗannan illoli ake gane waɗanda bai kamata su sha shi ba sam. Mai irin hawan jinin idon da mashigar ruwan ido ke toshewa, maganin yana iya tayar masa da ciwon farat ɗaya har ya rasa gani. Dattijon da furostet ɗinsa ya kumbura, fitsari na fita da ƙyar, yana iya wayar gari fitsarin ya tsaya cak. Haka mai gyambon cikin da ya ƙuntata mafitar tumbi. Jarirai da bakwaini ba a ba su. Mai shayarwa ma an hana ta, don maganin yana iya rage ruwan nono, ga kuma tsoron abin da zai isa ga jariri. Abin takaici, mai jego da ta rame tana cikin waɗanda aka fi kawo wa shi a matsayin gudummawa. Mai ciki sai da izinin likita. Tsofaffi masu rauni yakan rikita musu tunani, su yi jiri su faɗi su karye. Mai shan maganin ciwon damuwa irin su fuluzetin kuma ya sani saifuroheftadin yana iya warware aikin maganinsa, tun da ɗaya yana ɗaga sirotonin ne, ɗayan yana tare shi.

A hanta ake sarrafa maganin, kuma an sami rahotannin mutanen da hantarsu ta kumbura bayan sun yi makonni suna sha. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma duk mai sha da ya ga idonsa ya yi rawaya irin na shawara, ko fitsarinsa ya yi duhu, ya dakata ya nemi asibiti. Ƙibar kanta, in ta wuce kima, ita ce ƙofar ciwon sukari da hawan jini, kuma mai neman ta da magani ba tuwo da ganye yake ƙarawa ba, galibi kayan zaƙi da soye-soye ne.

6.0 Ramammen Yaro da Abin da Maganin Ke Ɓoyewa

Rashin cin abinci alama ce, ba ita ce cutar ba. Yaron da ya daina ci yana iya kasancewa da zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko ƙarancin jini, ko tarin fuka, ko ciwon haƙori, ko amosanin jini. Babba da ke ramewa ba dalili yana iya kasancewa da ciwon sukari ko tarin fuka ko ƙanjamau ko ciwon daji ko damuwa. Yawancin waɗannan suna da magani in an gano su da wuri. Idan aka toshe alamar da kwalbar maganin cin abinci, iyali sukan sami kwanciyar hankali na 'yan makonni, cutar kuwa tana can tana aikinta.

Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Mafi yawan waɗannan yara ba sha'awar abinci suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne abinci mai gina jiki, da ruwa mai tsabta, da kariya daga gudawa da zazzaɓi. Ba irin wannan yaro maganin da zai ƙara masa yunwa a gidan da babu abin ƙarawa a tukunya, zalunci ne ko da ba a nufa ba. Kuɗin kwalba ɗaya, da an sayi ƙwai da wake da gyaɗa da su, an sa ƙuli-ƙuli da zogale a kunu, da sun fi amfani. Yaron da tamowa ta kama sosai kuwa, wurinsa cibiyar kula da tamowa, inda ake ba da abincin nan na musamman da ake haɗawa da gyaɗa da madara.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magunguna rajista a Nijeriya, kuma yana da kyau mai saye ya duba lambarta a jikin kwali. Amma lambar tana shaida ingancin abin da ke cikin kwalba ne kawai, ba ta shaida cewa wannan yaro yana bukatar sa ba. Ƙwayoyin da aka ƙulla a leda ba suna ba kwali kuwa, ko wannan shaidar ma ba su da ita.

7.0 Idan Yaro Ya Sha Fiye da Kima

Na ruwan yana da zaƙi da ƙamshi, yara kuwa sukan ɗauke shi kamar lemo in an bar shi a kan taga ko ƙarƙashin gado. Alamomin guba su ne fuska ta yi ja, fata ta bushe ta yi zafi ba gumi, baƙin ido ya buɗe, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, yaro ya riƙa surutai yana kama abin da babu, daga nan jijjiga ko dogon suma, har mutuwa. Iyali da yawa in sun ga haka sukan ɗauka iska ce, a tsaya yin hayaƙi da tofi lokaci yana wucewa. Waɗansu kuma sukan ɗura wa yaro manja ko madara, ko su sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Yaron da ke cikin magagi in aka ɗura masa wani abu yana iya shaƙewa, abin ya faɗa huhu. Abin da ya kamata shi ne a kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa tufafi, a shafa masa ruwa in jikin ya yi zafi, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar ko ledar ƙwayoyin, a kuma gaya wa ma'aikatan lokacin da ya sha da kimanin yawan abin da ya rage a ciki.